Malam Nasiru Kabara da bandirin Kano: Yadda baƙo ya zama ɗan gari

Duk shekara idan watan Rabi'us Sani ya kama, akwai ranar da titunan cikin birnin Kano kan cika maƙil da mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya. Jerin gwanon kan taso daga unguwar Kabara, daura da gidan Sarki, ya nufi maƙabartar Wali Mai Giginya, gungu bayan gungu, kowanne da tutarsa da masu bandirinsa. Wannan shi ne Maukibi. Amon da ke tashi a cikinsa ya daɗe da zama a kunnen Kanawa, har matashin da ya girma yana jin sa ba ya kawo wa ransa cewa yana da wani asali a wajen ganuwa.

Alhali kuwa bandiri baƙo ne. Sunansa da siffarsa daga Arewacin Afirka suka fito. Ɗariƙar da ta rungume shi a Bagadaza cibiyarta take. Ƙasidun da ake rerawa a kansa wasu daga Andalus da Masar suka zo, wasu kuma a zaurukan Kano aka tsara su. Daga baya har karin waƙoƙin finafinan Indiya sai da matasa suka ɗora masa. Mutumin da ya tufka mafi yawan waɗannan igiyoyi, ban da ta ƙarshen, shi ne Shehu Malam Muhammadu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a watan Oktoba na 1996. Malami ne na tafsiri da fiƙihu da tasawwufi, bai taɓa zama makaɗi ba. Amma bin tarihin rayuwarsa shi ne hanya mafi kusa ta fahimtar yadda Kano ta samu wani salon sauti nata na kanta, da dalilin da ya sa har gobe ake gardama a kansa.

Jikan mutumin Timbuktu

Kabara sunan wani ƙaramin gari ne a ƙasar Mali ta yau, shi ne mashigin jiragen ruwa na birnin Timbuktu a gaɓar kogin Kwara. Daga can wani malami mai suna Malam Umaru ya taso a ƙarshen ƙarni na 18, ya yada zango a Kano kusa da fada. Mutane suka riƙa kiran sa da sunan garinsu, har sunan ya bi unguwar da ya zauna. Daga tsatson wannan malami Malam Nasiru ya fito. An haife shi a Guringawa, a bayan garin Kano, a tsakiyar shekarun 1920, sama da shekara 20 bayan Turawan Ingila sun ci birnin a 1903.

Irin zuwan Malam Umaru ba sabon abu ba ne ga Kano. Tarihin sarakunanta ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali da ilimin addini a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya iso daga Tilmisan ta ƙasar Aljeriya, kuma wannan Sarki ne tarihi ya jingina wa shigowar kakaki fada. Algaita ma sunanta kaɗai ya isa ya nuna daga Larabawa aka same ta. Fataken Gadamas da Tarabulus sun daɗe suna ratso Sahara, har suka kafa unguwanni a kusa da kasuwar Kurmi. Dandalin Turawa da su aka san ta, domin a wancan zamani Larabawa ake kira Turawa. Alfindiki kuwa daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar da waɗannan Larabawa a birnin a 1851.

Wannan ba ya nufin ƙasar ta jira baƙi kafin ta san kiɗa. A Birnin Kudu, wadda ita da Gwaram suna cikin ƙasar Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, akwai duwatsu masu amo da ake bugawa su ba da sauti, a kusa da tsoffin zane-zanen da ke jikin duwatsun Mesa da Habude. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Ƙasa ce mai tsohon kiɗa. Abin da ba ta da shi kafin zamanin Malam Nasiru shi ne kiɗan da ɗan malam zai riƙe a bainar jama'a ba tare da an ce ya zubar da girman gidansu ba.

Dalili kuwa shi ne, a tsarin Hausa kowane abin kiɗa yana da ubangidansa. Tambari da kakaki na sarauta ne. Kalangu da mahauta aka fi sanin sa, kafin ya yaɗu zuwa dandali da gidajen biki. Garaya da goge suna ɗauke da tabon bori. Makaɗi kuma maroƙi ne, sana'arsa gado ce, yana wasa mai abin hannu domin a ba shi. Jagororin jihadin 1804 sun soki kaɗe-kaɗen sharholiya a rubuce-rubucensu, wannan suka kuwa ta zauna a zukatan malamai. Saboda haka waƙar malamai ta zama ta baka zalla: ana rera Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, ana rera Burdar Busiri na Masar, ana rera waƙoƙin ajami irin na Nana Asma'u, duk ba ganga.

Karatu da neman izini

Malam Nasiru ya tashi a hannun ɗan'uwan iyayensa, Malam Ibrahim Natsugune, ɗaya daga cikin manyan malaman Kano na wancan lokaci. A wurinsa ya yi zuzzurfan karatu, a wurinsa kuma ya karɓi Ƙadiriyya. Ɗariƙar tana jingine ne ga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Ta bunƙasa a Afirka ta Yamma ta hannun Kuntawa na yankin Timbuktu, musamman Sidi Mukhtar al-Kunti da ya rasu a 1811, kuma ita ce ɗariƙar Shehu Usman Ɗanfodiyo.

Sai dai Ƙadiriyyar da Malam Nasiru ya tarar a Kano rarrabe take. Akwai masu bin silsilar Kuntawa, akwai masu bin ta gidan Shehu, akwai kuma rassan da Larabawan gari suka zo da su. Kowane reshe da malaminsa da zaurensa, kuma mafi yawan ibadar wuridi ne da mutum zai ja shi kaɗai da carbinsa. Malam Nasiru ya ɗauki wani mataki da ya bambanta shi da tsararrakinsa: ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya yana karɓar izini, domin ya zama babu wani Baƙadire da zai ce masa bare.

Bai tsaya a Kano ba. A 1937 ya samu izinin Sammaniyya daga Madina, ɗariƙar da Shehu Muhammadu Samman ya kafa a can cikin ƙarni na 18. A 1949 ya yi aikin Hajji, a hanyar dawowa ya biya ta Sudan ya sadu da Shehu Muhammad al-Fatih ɗan Shehu Ƙaribullah, jagoran Sammaniyya a can. Mabiya wannan gida an san su da zikirin jam'i a tsaye, sahu-sahu, tare da sarrafa numfashi, kuma duk wanda ya ga anfasun da ake yi a Kano zai lura da kamannin. Girman wannan alaƙa a zuciyarsa ya bayyana a sunan da ya raɗa wa ɗansa da ya gaje shi. A 1953 ya isa Bagadaza, ya ƙulla zumunci kai tsaye da zuriyar Shehu Abdulƙadir. Wannan ziyara ce ta ba shi matsayin da babu wani malamin Ƙadiriyya a ƙasar nan da yake da irinsa a lokacin.

Gangar da ta fito daga zauren Larabawa

Bandiri abu ne mai sauƙin ƙira: kewayen katako, an shimfiɗa fata a fuska ɗaya, ɗayar a buɗe. Ana tallabe shi da hannu guda, ana buga shi da tafi da yatsu. Idan fatar ta saki sai a kara ta a wuta ta ɗaure. Babba yana ba da kauri, ƙarami yana ba da kaifi, idan aka jera su da yawa sai su riƙa amsa wa juna. A Libiya an fi danganta shi da almajiran Shehu Abdussalam al-Asmar, waliyyin garin Ziliten da ya rayu a ƙarni na 16, waɗanda ake kira 'yan Arusiyya ko Salamiyya. Ta hannun Larabawan Kano masu bin wannan tafarki ya shigo birni, ya zauna a zawiyoyinsu a matsayin al'adar wasu 'yan tsiraru.

Abin da Malam Nasiru ya yi shi ne fito da shi daga can ya miƙa wa 'ya'yan gari. Me ya sa a wannan lokaci? Amsar tana cikin halin da Kano take ciki. Tun zamanin Sarki Abbas fadar Kano ta karkata ga Tijjaniyya. A 1937 Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a ƙasar Makka, kuma daga shekarun 1940 Shehun na Senegal ya riƙa ziyartar Kano, Tijjaniyya ta zama tafiyar dubban jama'a: 'yan kasuwa, masu sana'a, matasa, da mata. A gefe guda kuma jam'iyyun siyasa sun fara neman waɗannan matasa, NEPU ta kafu a Kano a 1950, gidajen silima sun buɗe, rediyo ta shigo. Ɗariƙar da ta tsaya ga dattijo da carbinsa a zaure tana kallon 'ya'yanta suna zamewa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.

Bandiri ya dace da wannan buƙata saboda ba shi da ubangida a tsarin Hausa. Ba na fada ba ne, ba na mahauta ba, ba na 'yan bori ba. Mai buga shi ba maroƙi ba ne, domin ba ya wasa attajiri ko basarake. Ambaton Allah yake rakawa, da yabon Annabi (SAW) da na waliyyai. Ga shi kuma yana da hujjar da malamai za su iya tsayawa a kai, tun da ɗan'uwan duffi ne, wanda hadisai suka ambaci buga shi a zamanin Annabi. Da haka almajiri da tela da ɗan tireda suka samu wani abu da za su taru a kansa da dare, su motsa jiki, su ɗaga murya, su koma gida da jin cewa ibada suka yi.

A farkon shekarun 1950 Malam Nasiru ya assasa Maukibi domin tunawa da Shehu Abdulƙadir da ziyartar kaburburan bayin Allah na Kano. Ta nan bandiri ya hau titi. Taron ya zama ranar da ɗariƙar ke nuna yawanta ga Sarki da gwamnati da abokan gasa, kuma ya zama makarantar da kowane gungu ke jin salon ɗan'uwansa ya koma gida ya gwada. Sannu a hankali harshen ya sauya, Hausa ta zauna kusa da Larabci. Tsarin ya zama na jagora da 'yan amshi, irin wanda kunnen Bahaushe ya saba da shi a dandali da gona. Ganga ta Libiya, silsila ta Bagadaza, numfashi mai kama da na Sudan, baiti na Larabci da Hausa, amshi na gida: wannan gauraye shi ne bandirin Kano, kuma ba a samun sa da wannan siffa a ko ɗaya daga cikin wuraren da sassansa suka fito.

Malamin fada a tsakiyar muhawara

Malam Nasiru bai kasance mutumin gefe ba. Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya, wanda shi kansa jigo ne a Tijjaniyya, ya ɗora shi a kan shugabancin Makarantar Shari'a ta Shahuci. Ya shekara da shekaru yana tafsirin azumi a gidan Sarki, ya kuma ci gaba a zamanin Sarki Ado Bayero da ya hau a 1963. Daga Sakkwato aka ba shi laƙabin Sarkin Yaƙin Shehu. Ya rubuta littattafai masu yawa da Larabci, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa a aikinsa mai suna Ihsanul Mannan, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1980. Wannan nauyi na ilimi shi ne garkuwar bandiri. Da wani ƙaramin malami ne ya fito da ganga kusa da masallaci, da wuya ta kwana.

Duk da haka suka ba ta taɓa yankewa ba. A shekarun 1950 gardamar ta fi zafi tsakanin ɗariƙun biyu, har kan sadalu da ƙabalu a salla, inda Malam Nasiru ya tsaya a ɓangaren sadalu. Daga baya fagen ya sauya. A 1972 Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, wanda ya ƙalubalanci tushen ɗariƙu gaba ɗaya, Malam Nasiru kuma ya mayar da martani a rubuce da An-Nasihatus Sariha. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, bandiri ya zama ɗaya daga cikin misalan da aka fi kawowa idan ana maganar bidi'a. Hujjar masu suka ita ce ibada ba a ƙirƙirar ta, kuma Annabi da sahabbansa ba su haɗa zikiri da ganga ba. Hujjar masu karewa ita ce asalin duffi halal ne, kuma abin da ya tara zukata a kan ambaton Allah ba a kiran sa wasa. Wannan matsin lamba ya sa Ƙadiriyya da Tijjaniyya, waɗanda suka daɗe suna hamayya, suka matso kusa da juna.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɓangare na wannan gardama yana da igiyar da ta ɗaure shi da waje. Ɗaya yana duban Bagadaza da Omdurman, ɗaya yana duban Kaulaha da Fas, ɗaya yana duban Makka da Riyad. Babu wanda zai bugi ƙirji ya ce nasa ne kaɗai ya tsiro daga gindin Dala.

Ƙofar da ba ta rufu ba

Wanda ya buɗe wa baƙo ƙofa ba shi ke zaɓen duk wanda zai biyo baya ba. Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma daga shekarun 1950 masu gidajen silima 'yan Labanan suka fara kawo finafinan Indiya. Kanawa suka karɓe su hannu bibbiyu, daga baya talabijin da kaset suka shigar da su har ɗaki. Yaran da suka tashi da waɗannan waƙoƙi a kunne su ne kuma ke zuwa zikiri. A ƙarshen rayuwar Malam Nasiru sai aka ga ƙungiyoyin matasa masu bege, irin su Ushshaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙar fim, su zubar da kalmomin soyayyar da ke cikinta, su zuba yabon Annabi da Hausa, su ɗora a kan bandiri. Masanin nan na Amurka, Brian Larkin, ya yi nazarin wannan salo a Kano cikin shekarun 1990, haka ma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda sautin Indiya ya shiga waƙar Hausa.

Ba duk malaman ɗariƙa ne suka yi na'am da wannan ba. Wasu na ganin mai sauraro zai riƙa tuna 'yar rawar fim a lokacin da ake ambaton Fiyayyen Halitta. Matasan kuma suna ganin sun ƙwato kari mai daɗi daga hannun shagala sun mayar da shi hidima. Idan aka duba da kyau, dabarar ba ta yi nisa da ta farko ba: a ɗauki abin da ya riga ya kama zukatan mutane, a sauya masa alƙibla. Bayan haka fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar sauti na Kano tare da bunƙasar finafinan Hausa, sha'irai da dama suka koma kanta, wasu suka haɗa ta da bandiri, gardama ta sake sabon zagaye.

Abin da ya rage a hannunmu

Malam Nasiru ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullah ya gaje shi a jagorancin ɗariƙar, Maukibi kuma bai fasa fita ba. Shekara huɗu bayan rasuwarsa Kano ta ƙaddamar da shari'a, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, tambayar wane sauti ne ya halatta a birni ta tashi daga zauren malamai ta koma ofishin gwamnati.

A 2012 wurare biyu da wannan labari ya faro daga gare su sun ga abin da ke faruwa idan aka bar hujja aka ɗauki gatari. A Timbuktu, garin kakanninsa, masu ɗauke da makamai sun rushe hubbaren waliyyai, aka kuma hana kiɗa a arewacin Mali. A 2016 kotun duniya da ke Hague ta ɗaure ɗaya daga cikin jagororin rushewar shekara 9. A Ziliten, garin da aka fi danganta bandiri da shi, an farfasa hubbaren Shehu Abdussalam a watan Agusta na wannan shekara ta 2012. A Kano an sha hatsaniya a kan masallatai da mumbari, amma manyan da suka jagoranci saɓanin, Kabara da Gumi, littafi suka mayar wa littafi. Wannan gado ne da ya kamata mabiyan kowannensu su yi kishinsa.

Matashin da ke bibiyar siyasa a yau yana yawan jin ana raba mutane gida biyu, ɗan ƙasa da baƙo, ana raba al'ada gida biyu, tamu da ta aro. Da wannan ma'auni ake rabon guraben karatu da muƙamai, da shi ake hana wani waƙa a bar wani. Rayuwar Malam Nasiru Kabara tana jefa tambaya a kan ma'aunin kansa. Jikan mutumin Timbuktu ne ya zauna yana fassara Alƙur'ani a gidan Dabo. Gangar fataken Tarabulus ce ta zama muryar unguwannin cikin birni. Mutum yana iya yarda da bandiri, yana iya ƙin sa bisa hujjar da ya gamsu da ita, wannan haƙƙinsa ne. Abin da tarihi ba zai bari ya ce ba shi ne Kano ta taɓa zama rufaffen gari. Ba a banza ake mata kirari da tumbin giwa ba: abin da ya shiga cikinta yakan narke, ya fito da kamanninta.

Allah Ya jiƙan Malam Nasiru da sauran malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.